Ba a Fafa Gora Ranar Tafiya

Ɗalibin Hausa yakan haɗu da kalmar ƙwarya tun a makonninsa na farko, amma yakan daɗe bai haɗu da duma ba. Ƙamus zai gaya masa cewa ƙwarya mazubi ce, ƙoƙo ƙanenta ne, ludayi na shan fura da kunu ne, gora kuwa na ɗaukar ruwa, sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya haɗa su. Alhali kuwa dukkansu ƴaƴan tsiro guda ne mai yaɗo, wanda har kwanan baya da wuya a shiga gidan karkara da damina ba a tarar ya haye danga ko ya lulluɓe rufin ɗaki ba. Kusa da shi akan sami kabewa, wadda sabon ɗalibi ke yawan rikita sunanta da kuɓewa, ko da yake kuɓewa ta miyar yauƙi ce, kabewa kuwa ta taushe. Wanda ya ga yadda ake rainon tsirran nan biyu ya sami mabuɗin kalmomi da karin magana masu yawa. Wanda bai gani ba kuwa, da ka kawai zai riƙa furta su.

A wani ƙauye da ke kudu da Matamai, cikin jihar Damagaram, akwai wata dattijuwa da ta haura shekara 70, wadda yara da manya ke kira Inna. Irin duman da take shukawa daga wurin mahaifiyarta ya fito, ƙulle cikin tsumma, tare da kayan ɗakinta ranar da aka kai ta gidan miji. Tun daga lokacin, damina ɗaya ce kawai ta tsallake ba ta shuka ba, wato ta farin 1984. A shekarar ta duba sama, ta duba ƙasa, ta mayar da ƙullin cikin tukunya, domin ta san irin da aka binne a busasshiyar ƙasa ya tafi ke nan, wanda aka adana kuwa yana iya jiran baɗi.

Inna tana da jika, ɗiyar babban ɗanta, wadda ke karatun Hausa a jami'a a Yamai. Hutunta na ƙarshen shekara yakan faɗo cikin damina, kuma a wani hutu ta zo ƙauye da littafi da alƙalami, domin an ba su aikin tattara sunayen kayan aikin gida. Ta zauna gaban kakarta ta ce, “Inna, ki lissafo mini duk abin da ake yi da duma, in rubuta.” Tsohuwa ta dube ta ta ce, “Kishiya, ajiye takardar nan ki ɗauko hauya. Wanda bai ga uwa ba, ina zai gane ƴaƴa?” Da haka aikin mako guda ya koma na wata 3.

Abu na farko da jikar ta koya shi ne, Inna ba ta shuka da ruwan fari. Takan jira damina ta kankama, ƙasa ta sha sosai, wanda a wannan yanki yakan faɗo tsakanin ƙarshen Yuni da farkon Yuli. Ramukan kuwa tun da rani take haƙa su, zurfin kamu ɗaya, ta cika su da ruɓaɓɓen taki daga turken awaki haɗe da toka, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Ranar shuka takan sa ƙwaya 3 ko 4 a kowane rami, ba ta binne su fiye da gaɓar yatsa biyu ba. Cikin mako guda sai su fasa ƙasa. Idan suka yi ganye huɗu, sai ta tuge raunana ta bar biyu masu ƙarfi, ta kewaye su da ƙaya saboda awaki da kaji. Kabewa takan sa ta kusa da juji, inda ƙasa ke da maiƙo, kuma akwai filin da za ta yi yaɗo. Duma kuwa gindin danga da ƙafar rumfa take kai shi, domin shi mahayi ne. Da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, takan barbaɗa toka a kan ganye don korar jajayen ƙwarin da ke huda shi.

Da tsirran suka fara fure, jikar ta lura da abin da ba ta taɓa kula da shi ba duk ƙuruciyarta a gidan. Furen kabewa babba ne, ruwan ɗorawa, yana buɗewa da asuba, kafin rana ta take ya rufe, kuma ƙudan zuma ne baƙinsa. Furen duma fari ne, ba ya buɗewa sai la'asar ta yi sanyi, yana kwana a buɗe, masu ziyartarsa kuwa ƙwarin dare ne masu fukafukai irin na malam-buɗe-littafi. A jikin kowane yaɗo akwai fure namiji da fure mace. Mazan su ke fara fitowa, su yi yini ko kwana guda su zube, abin da kan tayar da hankalin sabon mai shuka, ya ɗauka cuta ce ta kama masa tsiro. Macen ana gane ta da ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinta, kuma tun a wannan ƙullutu Inna ke faɗin abin da zai zama: wannan mai wuya ludayi ne, wancan dunƙulalle ƙwarya ce.

A nan ne wahalar riƙon iri take. Masana tsirrai sun tabbatar cewa duk waɗannan siffofi, daga ɗan kurtun tawada har zuwa masakin da yaro zai iya zama ciki, jinsi ɗaya ne, wanda suke kira Lagenaria siceraria. Tun da jinsi ɗaya ne, ƙwaron da ya tashi daga furen ludayi ya sauka a kan furen masaki ya gauraya su ke nan. Ba za a ga alamar gaurayar a ɗan da ya fito bana ba. Sai baɗi, idan aka shuka ƙwayarsa, a sami abin da bai kai masaki ba kuma bai yi ludayi ba. Inna ba ta san sunan Latin ba, amma ta san wannan sarai. Takan shuka masaki a bayan ɗakinta, ludayi a can ƙarshen gida wajen rumbu, kuma da yake ƙwaro ba ya sanin iyaka, kowace kaka takan zaɓi ɗan da ya fi kama da uwarsa ta ɗebi iri daga gare shi kaɗai. Ta shanya ƙwayoyin a inuwa, ta cuɗe su da toka, ta zuba kowane iri a ɗan goransa ta toshe. Kabewa ce kawai ba ta ba ta wannan damuwa a kan duma, domin ko sun haɗa rami ba sa gaurayuwa. Dangi ne, amma na nesa.

Nisan nasu har ya kai ga asali. Duma ɗan Afirka ne, kuma an sami irinsa na daji a ƙasar Zimbabuwe. Yana cikin tsirran da ɗan Adam ya fara rainonsu, har an tono ɓaraguzansa a nahiyar Amurka waɗanda suka kai kimanin shekara 10,000. Busasshen duma yana iya yin watanni yana yawo a kan ruwan teku ƙwayarsa ba ta mutu ba, shi ya sa masu bincike da dama ke ganin da kansa ya ƙetare Tekun Atalantika. Kabewa kuwa ta can ce ta zo nan. A Meziko da ƙasashen kudu da ita aka fara nomanta, kuma ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492, lokacin da jiragen ruwa suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin. Duk da haka babu Bahaushen da zai ɗanɗani miyar taushe ya ce baƙuwa ce. Ta zauna har ta sami suna fiye da ɗaya, domin a wasu sassan yammacin ƙasar Hausa kabushi ake ce mata.

Cikin Agusta da Satumba aikin ya koma na tarbiyya. A yaɗon masaki Inna ba ta barin ƴaƴa fiye da 2 ko 3, sauran takan tsinke su tun suna ƙanana don ƙarfin uwar ya tattaru. Waɗanda ta bari takan zaunar da su daram a kan gammon ciyawa, gindi ƙasa, don kada gefe ɗaya ya lotsa ko danshi ya ruɓar da shi. Ludayi da zunguru da shantu kuwa a rumfa take so su rataya, nauyinsu ya ja wuyansu ya miƙe. Wanda ya kwanta a ƙasa wuyansa kan lanƙwashe, kuma idan ɓawo ya yi tauri babu mai iya miƙe shi. Kabewa ba ta bukatar wannan lallashi. Bayan wata 3 zuwa 4, idan farce ya kasa huda bayanta, ta nuna. Akan yanke ta da guntun hannunta, domin wadda aka ɓalle wa hannu ta nan take fara ruɓa, sa'an nan a jera ta a inuwa inda iska ke ratsawa. A haka takan kai tsakiyar rani, lokacin da ɗanyen ganye ya yi wuya. Gida ɗaya ba ya cinye babbar kabewa a yini guda, kuma idan an fasa ta ba ta jira, saboda haka ranar da Inna ta fasa kabewa, yara kan yi ta kai yanka-yanka gidajen maƙwabta.

Duma shi ne na ƙarshen barin gida. Ana gama girbin gero yana nan, sai yaɗonsa ya mutu, hannunsa ya bushe, sa'an nan a tsinke shi. Jikar ta koma makaranta kafin lokacin, sai da ta dawo wani ɗan gajeren hutu ta ga fafa. Dunƙulallen duma akan ja masa layi a tsakiya a raba shi biyu, a sami ƙwarya biyu. Idan ƙarami ne ƙoƙuna, idan ƙato ne masakai. Mai wuya akan tsaga shi a tsaye, kowane ɓari ya zama ludayi da mariƙinsa. Zunguru baki ɗaya ake buɗe masa, inda mace za ta zura hannu idan ta ƙunsa lalle, shantu kuwa ana buɗe shi sama da ƙasa don ya yi amo. Bayan an fafe, sai a kwashe ƙwaya, a jiƙa sauran cikin ruwa kwana da kwanaki har tsokar ciki ta ruɓe, a kankare, a shanya, a sake jiƙawa. Dalilin wannan wahala shi ne ɗaci. Duman ƙwarya yana da ɗaci mai guba, wanda ke sa amai da gudawa, kuma sabuwar ƙwaryar da ba ta jiƙu sosai ba takan ɓata duk abin da aka zuba mata.

Gora ya fi kowanne cin lokaci, domin ɗan baki kawai ake yanke masa, hannu ba ya shiga. Sai a ɗura ruwa a bar shi ya kwana biyu, a zuba tsakuwa a yi ta girgizawa, a zubar, a sake ɗurawa, har ranar da aka kurɓi ruwan ba a ji ɗaci ba. Jikar ta san karin maganar da ke cewa ba a fafa gora ranar tafiya tun tana firamare, ta kuma sha rubuta ma'anarta a jarrabawa. Amma sai da ta yi kwanaki tana girgiza gora guda, damtsenta na ciwo, ruwan kuma bai daina ɗaci ba, ta gane cewa matafiyin da ya fafa gora da safen tafiyarsa, ruwan da zai sa shi amai ya ɗauka.

Haka sauran maganganun suka riƙa buɗe mata. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe: sai wanda ya ɗaga akushin itace da hannu ɗaya, ƙwarya da ɗayan, zai ji bambancin nauyin da ake nufi. Ƙwarya tagari tana ragaya: a ɗakin Inna, wadda ta fi kyau ba ta taɓa ƙasa, tana rataye an rufe ta da faifai, sai baƙo ya zo a sauke ta. Idan ƴan jarida suka ce ana jira a ga kamun ludayin sabon shugaba, daga gaban ƙwaryar fura suka aro maganar. Ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa da ƙoƙon bara duk daga wannan yaɗo suka sami suna. Ko fashewa ba ta raba ƙwarya da amfani: idan ta tsage gyartai ya ɗinke ta, idan ta ɓare a fitar da marar kwasar tuwo, abin da ya rage ya zama sakaina. A waje da gida ma duma ne cikin goge da kukuma da gurmi, shi mata ke kifawa su yi kiɗan ƙwarya, shi Fulani ke tallar nono a ciki, kuma da manyan goruna masunta ke faɗawa ruwa a bikin kamun kifi na Argungu.

Sai dai a ƙauyen su Inna, gidajen da ke shuka duma yanzu ba su da yawa. Roba ta zo, kuma babu mai musun amfaninta: tana da araha, ba ta bukatar jiƙo, yaro ya yar da ita ba ta fashe ba. Inna kanta da bokitin roba take ɗebo ruwa. Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne yadda kalmomin suka rabu gida biyu. Waɗanda roba ta gaji aikinsu sun rayu, amma sun sauya jiki: yaron yau idan aka ce buta, ta roba yake gani, gora kuwa ta ruwan sayarwa ce a wurinsa. Waɗanda ba su sami magaji ba suna ja da baya. Leda ta karɓe aikin zunguru ba ta karɓi sunansa ba. Jallo da gyandama da kurtu, jikar ta tambayi ƙannenta su 5, babu wanda ya iya nuna ko ɗaya.

Gidan ma ya sauya. Ɗan Inna ya sami hali, ya rushe danga ya ja katangar siminti, abin da kowa ya taya shi murna a kai. Amma duma ba ya iya kama siminti, matar gidan kuma tana tsoron maciji cikin yaɗo saboda ƙananan yara, tsoron da ba a ce ba shi da dalili ba. Inna ba ta yi gardama ba. Ta dai ce wa ɗanta, “Ka bar mini taki goma a bayan ɗakina, in na mutu ka toshe.” Ya bar mata. A wannan ɗan tsakanin ne yanzu masaki da ludayi ke cunkushe, kusa da juna fiye da yadda take so, idonta kuma ya fara rauni wajen zaɓen iri.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma ɗaliban Hausa a Yamai sun yi farin ciki, har da jikar Inna. Matsayi irin wannan yana buɗe wa harshe ƙofar makaranta da ofis. Amma kalma irin zunguru ba a ofis take zaune ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana irin waɗannan sunaye, kuma zai ci gaba da adana su ko bayan shekara 100. Ƙwayar iri ba ta da wannan haƙuri. Idan ta yi ƴan shekaru ba a shuka ta ba, sai ta mutu cikin goranta ba wanda ya sani. Siffar masakin da mata suka yi zuriya bayan zuriya suna zaɓa tana iya ɓacewa daga ƙauye cikin damina kaɗan, kuma idan ta ɓace, ɗalibin gobe zai karanta cewa masaki babbar ƙwarya ce, ba tare da ya san iya girman da ake nufi ba.

Da jikar za ta koma, ta roƙi iri. Inna ta ƙulla mata na ludayi da na masaki da na kabewa, kowanne a tsummansa. A Yamai, a tsakar gidan ƙanwar mahaifiyarta inda take zaune, babu ƙasar shuka sai siminti, don haka ta cika tsofaffin buhuna da ƙasa da taki, ta ɗaura igiyoyi zuwa rufin kwano. Kabewa ta yi mata ƴaƴa biyu ba tare da wata wahala ba. Duma kuwa ya yi yaɗo, ya yi fure, amma ƙullutun suka riƙa yin rawaya suna zubewa. Wata ƙawarta mai karatun aikin gona ce ta gane matsalar: ƙwarin dare ba sa zuwa. Ta nuna mata yadda za ta tsinki fure namiji da magariba, ta cire fararen ganyensa, ta goga kansa a tsakiyar macen. Da haka ta sami ƴaƴan ludayi 3. Masaki bai yi ba, domin buhu ya yi wa saiwarsa kaɗan. Cikin ukun ma, ɗaya ta yi gaggawar tsinke shi tun hannunsa bai bushe ba, ya motse ya ruɓe.

Sauran biyun ta fafe su, ta jiƙa, ta kankare, ta kai wa kakarta ɗaya. Inna ta jujjuya shi, ta ƙwanƙwasa da farce, ta lasa cikinsa ta ji ko da sauran ɗaci. Ta ce wuyan ya yi gajere, kuma an kankare gefe ɗaya fiye da ɗaya, amma zai sha fura. Sa'an nan ta tambayi inda ƙwayar take. Da jikar ta ce tana Yamai cikin toka, tsohuwa ta gyaɗa kai. Irin masakin da ya rage a goran Inna bai cika tafin hannu ba, kuma ta ce ba za ta sake ba da shi a kai birni ba. Ta dai gaya wa jikar cewa idan tana so ta ga yadda ake yi masa, ta zo baɗi tun kafin ruwa ya sauka, domin ramin masaki da rani ake haƙa shi.